Ranar da Allon Bukom ya Karkata

Ranar Asabar ɗin da Amarkai, ɗan unguwarsu Bukom, zai dambata da Odartey na unguwar Chorkor, Lamiley ce ta fito da allon babanta. Ta ɗauko shi a ka, ta jingina shi da darbejiyar da ke gefen mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ta goge ƙurarsa da bakin zaninta, sannan ta tsaya da alli a hannu tana jin kamar duk Bukom ita ake kallo. Ba wanda ke kallonta. Maza na can suna ɗaure igiyoyin dandalin dambe a tsakiyar fili, mata na hura wuta, wani ya riga ya kunna lasifika yana gwada ta da tari.

Allon na babanta Ataa Oblitey ne tun kafin a haife ta. Duk ranar dambe nan yake zama ya karɓi kuɗin masu caca, ya ba kowa guntun kati, da yamma wanda gwaninsa ya yi nasara ya zo ya karɓi nasa. Abu ɗaya aka san shi da shi a duk bakin tekun nan: bai taɓa ce wa wanda ya ci ya dawo gobe ba. Amma a makon nan aka yi masa aikin yanar ido, likita ya ce ban da rana, ban da ƙura, ban da tashin hankali. Kuɗin aikin kuma ya lashe kusan duk abin da ke cikin gwangwanin madarar da yake ajiye jarinsa.

Sana'ar ba baƙuwarta ba ce. Tana ƙarama ya koya mata da marafan kwalba a kan tabarma. Ya ce idan 'yan dambe biyu ƙarfinsu ɗaya, gaskiyar farashi ita ce wanda ya sa kuɗi sidi goma ya karɓi ashirin. Shi kuwa sha takwas yake rubutawa, a nan sha takwas, a can sha takwas. Mutum biyu suka sa goma-goma, ɗaya a kan wannan ɗaya a kan wancan, ashirin ta shigo, sha takwas ta fita ko wa ya faɗi. Biyun nan da ba wanda ya ga inda ta maƙale, ita yake kira gishiri. Ba a karɓarta a hannu, ba a ambatonta, cikin farashin take narke. Sai dai ya kan tura marafan duka gefe guda ya nuna mata: gishirin yana zama ne kawai idan kuɗin ɓangarorin biyu sun yi kusan daidai, kamar zaman mutane a kwalekwale.

Da safen nan kafin ta fito ta leƙa ɗakinsa. Yana kwance da auduga a ido, ɗakin cike da 'yan dubiya daga coci, har da Anti Kwaley, mahaifiyar Amarkai, wadda ta zo neman albarkar tsohon ga ɗanta. Ya kama hannun Lamiley ya matse, ya ce da rana ta je Chorkor ta dubo masa kifinsa a wurin Shormeh. Ɗakin ya kwashe da dariya. Kowa ya san Anti Shormeh, mai allon Chorkor, wadda ita da Ataa Oblitey ba sa haɗuwa a bakin dandali sai sun zagi juna har kakanni. Kowa kuma ya san tsohuwar cacarsu: idan ɗan Chorkor ya faɗi, ita za ta ɗauko kwanon bandar kifi a ka ta kawo masa a gaban jama'a, idan ɗan Bukom ne ya faɗi, shi zai kai mata kwandon dokunu. Duk ranar dambe da tsakar rana yakan tafi can, wai ya je ya ga kifin da zai ci da yamma. Lamiley ta ɗauka cika bakin nan ne da ya saba, ta ce to, ta zame hannunta ta fita.

Ta rubuta sunayen biyu, ta sa sha takwas a gaban kowanne.

Masunta ne suka fara zuwa, ƙafafunsu da yashi, domin kwalekwalen asuba sun shigo da kifi sosai. Tawiah, wani ƙaton mai kwalekwale da ba ya iya magana a hankali, ya zube damin kuɗi masu ƙarni a kan teburin da ta kafa a gaban allon ya ce duka a kan yaronsu, ya kuma tambaye ta ko tana iya ƙirga irin wannan ko a kira mata babba. Ta ƙirga ba ta ɗago kai ba, ta miƙa masa katinsa. Bayansa masu gyaran koma, bayansu masu banda, sai direbobi, sai wanzamin kan kwana da almakashinsa a aljihu. Wata tsohuwa ta kwance bakin zani ta fitar da sidi biyar da ta ninke ta kamar laya, ta ce ita ta yi wa Amarkai wankan farko, ba za a yi wannan ba da ita ba.

Kafin hantsi ya dubi ludayi filin ya ɗauki zafi. Masu ganga sun iso, samari sun shafa farar ƙasa a ƙirji suna zagaya dandalin da gudu, ana rera sunan Amarkai. Lamiley ta tsinci kanta tana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Hannunta ya saba, kunyarta ta ragu, har ta mayar wa wani direba magana aka yi dariya. Jakar da ta ɗaura a ƙugu sai nauyi take ƙarawa, kuma nauyin yana mata daɗi.

Sai da ta sami sarari ta duba katunan da suka rage. Na Amarkai sun kusa ƙarewa. Na Odartey kuwa uku kacal suka fita, biyu wasu baƙi ne 'yan kasuwa suka saya, ɗaya wani mashayi da bai san wanda ya zaɓa ba. Ta yi lissafin a ka, ta sake yi. Idan Amarkai ya ci, duk abin da ke jakarta da abin da ke gwangwanin madara ba za su biya mutanen nan ba, za a bar kusan sulusinsu a tsaye da kati a hannu.

Ta san maganin da aka koya mata. Ta goge sha takwas ɗin Amarkai ta rubuta sha biyar, ta goge na Odartey ta rubuta ashirin da biyar, don masu zuwa su ga riba a can su karkata. A ko'ina cikin duniya da haka ake daidaita allo.

A Bukom abin ya zama wani abu dabam. Wanzami ne ya fara lura, ya ruga ya shaida wa masu ganga cewa 'yar Oblitey ta rage farashin yaronsu, ke nan ta ji wani abu daga wurin horo, ta tabbata zai ci. Maganar ta zaga fili kafin allin ya bar yatsunta. Waɗanda suka sa da safe suka dawo su ƙara, waɗanda ke shakka suka daina. Ashirin da biyar ɗin Odartey kuwa ko kallonta ba a yi. Ta ga wani malamin makaranta ya tsaya yana lasar leɓe a gabanta, ya waiga hagu ya waiga dama, ya ga matan banda sun zuba masa ido, sai ya tura kuɗinsa kan Amarkai da murya mai ƙarfi. Wanda ya sa kuɗi a kan ɗan wata unguwa a filin nan, sunansa zai shiga waƙar zambo ta bikin shekara, jikokinsa ma sai sun ji ta.

Ana cikin haka Amarkai ya ratso da tawul a wuya, mutane na shafa kafaɗunsa. Ya tsaya a teburinta yana murmushi da haƙorinsa mai gibi. Ita ta goya shi lokacin da Anti Kwaley ke zuwa bakin ruwa, har yau Yaya yake ce mata. Ya ce ta gaishe da Ataa, ta faɗa wa tsohon cewa yau zai ji ihu daga kan gadonsa. Ta ce Allah ya ba da sa'a. Da ya juya ta bi faffaɗan bayansa da kallo, sai ta kama zuciyarta tana cewa da ma ya zame, da ma Odartey ya same shi sau ɗaya a haɓa. Ta ajiye allin kamar ya ƙone ta.

Komawa gida ta faɗa wa babanta ba zai yiwu ba. Ta san shi, zai fizge audugar ya fito cikin rana, idon ya tafi a banza. Mayar wa mutane kuɗinsu kuma daidai yake da ta ɗauki gatari ta faskara allon a gabansu. Ta zauna tana kallon sunan Odartey da ba mai so. A ina ake son sa? A Chorkor mana. Can yanzu haka akwai wani allo a ƙarƙashin wata bishiya, da wasu masunta da ba za su taɓa sa ko sisi a kan ɗan Bukom ba, da wata mata da jakarta ta yi nauyi a gefe guda.

Ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Ta tuna yadda babanta ya matse mata hannu yana zancen dubo kifi a wurin Shormeh, da ɗakin cike da kunnuwa.

Ta juya fuskar allon ga bishiya, ta ce wa mai dokunu an rufe karɓa, ta ja rigarta ta rufe jakar, ta bi ta lungu zuwa titi. Bas ɗin da ta samu ta cika da kwanduna da mata, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran Chorkor kamar ana korarsa. Suka haye gadar tafki, iskar teku na shigowa ta tagar da ba gilashi. Lamiley ta rungume cikinta da hannu biyu, wata mata ta dube ta da tausayi ta tambaye ta wata nawa.

Chorkor hayaƙi ce tun daga bakin titi. Tandunan banda a jere, kifi a kan ragar waya, yara da tutoci masu sunan Odartey, ganguna irin na gida amma da wani suna a bakinsu. Ba ta sha wahalar samun allon ba. Yana jingine da bangon wani shagon kankara, an rubuta sha huɗu a gaban Odartey, talatin a gaban Amarkai. Da ta ga talatin ɗin nan sai da ta kusa yin dariya don sanyin da ya ratsa ta.

Anti Shormeh na zaune a kan benci, doguwa, busasshiya, da ɗankwali ja da tabarau ɗaure da zare. Ta ƙare wa Lamiley kallo daga sama har ƙasa, ta ɗaga murya yadda na kusa za su ji, ta ce ga 'yar mai kan kwakwa nan an aiko ta leƙen kifin da ba za su ci ba, ta zo ta gani da idonta ta koma ta ba da labari. Ta ja ta zuwa bayan tanda, inda hayaƙi ya yi kauri ba mai son tsayawa.

Can muryarta ta sauka. Ta fara tambayar idon tsohon, ko yana cin abinci, ko an samo maganin ɗigawar. Sannan ta ce, "Kin makara, 'yata. Na ce ko bai faɗa miki ba ne. Nawa ke kanki?"

Lamiley ta faɗa mata. Tsohuwar ta faɗi nata. Kowacce ta shiga lissafi tana motsa leɓe. Kuɗin Bukom a kan Amarkai da kuɗin Chorkor a kan Odartey sun kusa zama kai ɗaya, bambancin bai kai abin da za a damu ba. Idan aka zuba allunan biyu a tukunya guda, ko wa ya faɗi za a biya kowa, gishiri ya ragu a ƙasa, a raba biyu.

Haka suke yi, in ji Anti Shormeh, tun Lamiley ba ta yi haƙori ba. Kowa ya riƙe jakarsa har a tashi. Wanda yaron unguwarsa ya faɗi, mutanensa ba su da abin karɓa, sai ya sallami 'yan tsirarun da suka ci a wurinsa, ya ɗauki sauran ya kai wa ɗan'uwansa a ƙarƙashin kifi ko a ƙarƙashin dokunu. Zagin kuma dole ne. Ranar da Bukom da Chorkor suka gane cewa masu allonsu ba su da gwani, ranar za su daina kawo kuɗi.

Lamiley ta yi ta murza bakin rigarta, sannan ta tambaya a hankali ko akwai wani abu da za a riƙe, ko 'yar takarda.

"Takarda?" Tsohuwar ta cire tabarau ta goge hayaƙi. "In Odartey ya kwantar da ɗan goyonki, ni wace takarda ce zan riƙe a kanki? Ke dai ki tanadi kwandon dokunu, mai zafi nake so. Kuma ki buɗe bakin nan naki in na zo. Ubanki ba ya barin zagina ya faɗi ƙasa."

Da ta dawo Bukom rana ta karkata, filin ya cika har kan rufin gidaje. Ta tarar labari ya riga ta iso. Wata mai sarin kifi ta gan ta tana shiga bayan tandar Shormeh da ciki a kumbure, kuma kafin ta sauka daga bas an gama yanke cewa 'yar Oblitey ta kwashe kuɗin unguwa ta kai wa abokan gaba. Tawiah na tsaye a gaban allon da mutane a bayansa, jijiyar wuyansa a miƙe, yana cewa a fito masa da kuɗinsa ya gani. Lamiley ta matso gaban allon. Ta ɗaga rigarta kaɗan ta nuna jakar.

Anti Kwaley ce ta ratso da farin zane na ranar dambe. Ta ce wa Tawiah ya rufe wannan bakin nasa mai kama da ƙofar kwalekwale, tana ɗakin da kunnenta ta ji tsohon ya aiki yarinyar dubo kifinsa, ko yanzu an hana mara lafiya kwaɗayi ne? Aka yi dariya, taron ya saki. Tawiah ya ja baya yana gunaguni cewa shi dai zai zo da katinsa, kuma ba ya son jin labari.

'Yan Chorkor suka iso cikin manyan motoci biyu da gangunansu, aka ba su gefen gabas. Lamiley ta hango jan ɗankwali a cikinsu. Aka yi damben yara na share fage, ba wanda ya kula. Da aka kira manyan, ƙasa ta amsa.

Ta hau kan teburinta, abin da ba ta taɓa yi ba. A turmin farko Odartey ya fi tsawon hannu, yana ta caka wa Amarkai hagu a fuska yana ja da baya, gefen gabas na ihu da kowace caka. A na biyu ya fasa masa gira. Jini ya gangaro, Anti Kwaley ta juya baya ta kama addu'a da ƙarfi. Lamiley ta jira ta ji muryar nan ta ɗazu a zuciyarta, mai son ya faɗi. Babu ita. Ko ya ci ko ya faɗi, allon babanta na tsaye. Ba abin da ya rage mata sai yaron da ta goya, da jini a ido.

"Shiga cikinsa, Amarkai! Cikinsa!"

Mai dokunu ta ɗago ta dube ta baki buɗe. Lamiley ba ta ma san ita ta yi ihun ba.

Ko ya ji ko bai ji ba, a turmi na uku Amarkai ya sunkuya ya shige ƙarƙashin dogon hannun ya fara dukan haƙarƙari, dama, hagu, dama, kamar mai kirɓa sakwara. Odartey ya fara sauke gwiwar hannu yana kare ciki. A na huɗu suka riƙe juna suna huci, alƙali na raba su, ganguna na ɓangarorin biyu sun haɗe sun zama ƙara ɗaya. A na biyar Odartey ya sauke hannu sau ɗaya fiye da kima, Amarkai ya ɗago dama daga ƙasa. Dogon ya tsaya kamar yana tunanin wani abu, sannan ya zauna a kan igiya ya sulale. Filin gaba ɗaya ya ƙirga tare da alƙali, kuma ba a ji goman ba saboda ihu.

Aka ɗaga Amarkai sama, farar hoda ta tashi kamar hazo, mata na kaɗa zannuwa. Lamiley ta sauko daga tebur, ta zauna, ta kwance jaka. Kafin ta gyara zama layi ya kai bakin titi.

Ta fara biya. Tsohuwar mai sidi biyar ta karɓi tara ta yi rawa a wurin. Wanzami, direbobi, malamin makaranta da ke ta faɗa wa kowa cewa shi tun farko ya sani. Tana biya tana satar kallon gabas. 'Yan Chorkor na hawa motocinsu cikin fushi, an tada injin ɗaya har ta fara tafiya. Jan ɗankwalin bai bayyana ba. Ta rage sauri, tana ƙirga kowane kuɗi sau biyu, ana ce mata ta yi da jiki, yau ba ranar makaranta ba ce. Jakar ta yi laushi. Ta zura hannu ta ji ƙasanta. Mota ta biyu ta tashi.

Mutum uku suka rage kafin Tawiah, kuma katinsa kaɗai ya fi abin da ke hannunta. Ta biya na farko. Ta biya na biyu da canjin da ta tattara. Na uku ya miƙo nasa, ta riƙe katin tana dubawa kamar rubutunta ne ba ta gane ba. Kalmomin nan biyu da babanta bai taɓa faɗa ba, dawo gobe, suka zo mata baki.

Sai ihu ya tashi daga bayan layi, irin na tsokana. Mutane suka dare. Anti Shormeh ce tafe da ƙaton kwano a ka, tana taku ɗaya-ɗaya kamar amarya, bakinta bai tsaya ba. Ta ce alƙalin ɗan Bukom ne ta wajen uwa, ta ce ƙirgarsa ta fi ta mai bin bashi sauri, ta ce mutanen da ba su iya banda ba dole su yi ta addu'ar kifin Chorkor. Yara na biye da ita suna tafi. Ta sauke kwanon a bayan teburin, dab da ƙafar Lamiley, da ƙarfin da ya sa kifin sama ya yi tsalle. A ƙarƙashinsu bakin wani ƙullin zane ya leƙo.

Tsohuwar ta riƙe ƙugu ta ce, "Ga shi nan, ki kai wa makahon ubanki. Ko da yake an ce mini 'yar tasa ma bebiya ce."

Filin ya yi tsit, ana jira. Wurin nan ne Ataa Oblitey ke mayarwa. Lamiley ta ɗago kai. Ta dubi tabarau mai zare, ta ga idon da ke bayansa yana mata alama ta yi maza.

Ta ce, "Anti, an gode. Gobe ki aiko Odartey ya karɓi kwanon." Ta ƙara ɗaga murya. "In ya gaji a hanya ya zauna, mun ga ya iya zama."

Filin ya fashe. Tawiah ya riƙe ciki yana dukan tebur, Anti Kwaley ta yi guɗa, masu ganga suka ɗauki maganar nan take suka sa mata kiɗa. Anti Shormeh ta tofar da yawu gefe, ta ce kwakwa ba ta haifar mangwaro, ta juya ta tafi tana masifa, kafaɗunta na rawa yadda wanda bai sani ba zai ce fushi ne.

Lamiley ta sunkuya kamar mai gyara kifi, ta jawo ƙullin ta tura cikin jaka. Ta biya na uku. Ta biya Tawiah, ya ƙirga a gabanta da yatsa mai yawu, ya shinshina kuɗin ya ce yau har kuɗin Bukom ƙanshin banda suke, ya zare sidi goma ya ajiye mata ya ce ta sha ruwa. Ta biya har mutum na ƙarshe, rana ba ta gama faɗawa teku ba. Abin da ya rage a ƙasan jakar ta raba biyu, ta ƙulle rabi a zanen tsohuwar ta ajiye a gindin kwanon da za a mayar.

Ta shiga gida da allo a hammata da kwano a ka. 'Yan dubiya sun watse. Ataa Oblitey na zaune a bakin gado, ya juya kunnensa ga ƙofa, hancinsa ya riga ya ba shi labari. Bai tambayi kuɗi ba. Ya tambaya ko akwai wanda aka ce wa ya dawo gobe, ta ce babu. Ya sauke numfashi, ya lalubo kifi ɗaya ya ɓare, sannan ya tambayi abin da ta mayar wa Shormeh.

Ta faɗa masa, tana kallon ƙasa. Ya fara dariya, ya tuna da likita, ya dafe audugar da tafin hannu yana ƙoƙarin tsayawa, abin ya ƙi. Sai da ta tsawata masa ta ce zai ɓalle ɗinkin.

Ya ce ta sake faɗa masa sau ɗaya, a hankali, zai riƙe idon.